Aikin Mai Tsara Suturar Fim a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

A lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ana kiran mai tsara sutura "mai kostum". Matasa da yawa, musamman teloli da masu sha'awar shiga harkar fim ta bayan kyamara, suna yawan tambaya a kan wannan sana'a. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa da amsoshinsu. Mun yi amfani da "ka" don sauƙin magana, amma aikin na maza da mata ne.

Mene ne ainihin aikin, kuma me ya raba shi da na tela?

Tela yana ɗinka wa mutum abin da zai yi masa kyau. Mai tsara sutura yana neman abin da mutumin cikin labari zai iya mallaka, ya sa a wannan rana, a wannan hali da yake ciki, ko da kuwa kayan ba su yi wa jarumin kyau ba. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya karanta hularsa da takalminsa, ya gane ɗan kasuwa ne ko malamin makaranta, ɗan birni ne ko jiya ya sauka a tasha. Wannan karatun da mai kallo ke yi, mai sutura ne ya rubuta shi.

Ɗinki kaɗan ne daga cikin aikin. Mafi yawansa karanta labari ne, da lissafin kuɗi, da yawon kasuwa, da guga, da rubuta wa ya sa me a wane sin, wato kowace fitowa ta cikin fim.

Ai jaruman Kannywood da akwatinsu suke zuwa. To ina amfanin ɗaukar mai sutura?

Haka aka saba tun zamanin kaset, kuma har yanzu ana yi saboda yana rage wa furodusa kashe kuɗi. Illarsa kuwa kowa yana gani: yarinyar da labari ya ce tallan goro take yi sai ga ta da leshi mai duwatsu, ko mijin da ya yi wata shida babu aiki kullum da sabuwar gezna mai karin guga. Kowane jarumi abin da zai fito da shi yake ɗaukowa, babu mai duba yadda kayan mutum biyar za su zauna a falo ɗaya.

Ko da kayan jarumai za a yi aiki, sai an sami mai zaɓa. Ka je gidan jarumin ko a kawo akwatin ofis kwana biyu ko uku kafin a fita aiki, ka ware abin da ya dace da rawar, ka ɗauki hotonsa, sauran ya koma gida. Abin da babu a akwatin shi za a saya ko a ɗinka. Da fina-finai masu dogon zango suka maye gurbin na faifai, a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wannan aikin ya ƙara nauyi, domin mutum ɗaya yana iya fitowa a sin ɗari a zango guda.

Idan an miƙo mini labari, ta ina zan fara?

Ka karanta shi sau ɗaya ba tare da biro a hannu ba. Karatu na biyu shi ne aiki.

Abu na farko da za ka fitar shi ne kwanakin labari, ba kwanakin ɗauka ba. Ka bi sin-sin kana rubuta: wannan rana ta ɗaya ce da safe, wannan rana ta ɗaya da dare, wannan rana ta biyu. Marubuta da yawa ba sa faɗa, sai ka gano daga magana, kamar inda wani ya ce "jiya da ka zo". Inda ya shige maka duhu ka tambayi darakta, kada ka yi hasashe, domin idan lissafinka da na mai kwantiniti, wato mai lura da daidaituwar komai daga sin zuwa sin, suka saɓa, a teburin editin za a gani, lokacin da babu gyara.

Daga nan ka ja layi a babban littafi ko a kwamfuta: sunan ɗan wasa a gefe, lambar sin a sama. Kowace shiga ka ba ta lamba. Misali "Uwargida 3" tana nufin atamfa ruwan toka, ɗankwalinta, mayafi baƙi, silifas na gida, 'yan kunne ƙanana. Duk sin ɗin da ke cikin wannan rana ta labari, "Uwargida 3" za ka rubuta. Sai ka sa jan biro a duk inda kaya za su lalace: faɗa, hatsarin mota, ruwan sama, jini, faɗuwa a kwata. Waɗannan sai an tanadi biyu ko uku iri ɗaya sak, saboda darakta ba ya ɗauka sau ɗaya ya gamsu, kuma ba lallai a ɗauki bayan hatsarin bayan an ɗauki hatsarin ba.

Sannan ka zauna da darakta da mai kyamara da mai shirya ɗaki. Ka tambayi launin bangon falon da na kujeru da labule. Jaruma mai jan leshi a kan jar kujera kai kawai za a gani yana yawo. Nan ne kuma ake yanke launin kowa: wasu masu tsarawa sukan bar wa mutum ɗaya launuka masu sanyi tun farko, su riƙa duhunta su yayin da rayuwarsa ke dagulewa. Mai kallo ba zai lura ba, amma zai ji a jikinsa.

Wane awo ake ɗauka, kuma yadi nawa ake saya?

Ga namiji: tsawon riga, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, cinya, tsawon wando, lambar takalmi, da zagayen kai saboda hula. Yawancin manya kansu yana tsakanin inci 21 zuwa 23 da ɗoriya, kuma rabin inci ma yana sa hula ta nutse har kunne ko ta tsaya a ƙoli. Ga mace a ƙara ƙasan ƙirji, faɗin ƙugu, zagayen damtse da tsawon siket, kuma mace ce za ta auna ta. Ka rubuta kwanan wata a jikin awon. Awon bara ba ya aiki bana.

Turmin atamfa yadi 6 ne, yana isar riga da zani da ɗankwali. Kaftani da wando na babban mutum yadi 4 zuwa 5, gwargwadon jikinsa da faɗin yadin. Cikakken saitin babbar riga da 'yar ciki da wando a shadda, ka lissafa yadi 10. Idan kayan na cikin masu jan biro ne, ka sayi duka a lokaci ɗaya daga bandir ɗaya. Ka koma bayan mako biyu sai ka tarar zanen ya ƙare, ko launin sabon zuwa ya ɗan bambanta, kuma kyamara tana ganin bambancin da ido ba ya gani.

A ina ake samun kaya a Kano?

A nan dai mai wannan sana'a a Kano ya fi takwarorinsa na garuruwa da yawa sa'a. Kantin Kwari don atamfa, shadda, leshi, yadi da mayafai. Kofar Wambai don gwanjo, wanda shi ne rabin rayuwar mai sutura: kwat na lauya, rigar sanyi, jins, jakunkuna, duk sun riga sun sha jiki ba sai ka wahala wajen tsufar da su ba. Kasuwar Sabon Gari don takalma, agogo, tabarau da kayan ɗinki. Kasuwar Kurmi don kayan gargajiya: saƙi, rawani, takalman fata, layu, warwaro, murjani, kayan doki. Marinar Kofar Mata idan kana son a rina maka farin yadi da baba, kuma a kusa da nan akwai masu bugu da za su fito maka da sheƙinsa.

Shawara ɗaya game da teloli: kada ka tsara aikin da zai buƙaci ɗinki daga tsakiyar azumi zuwa Sallah, ko makonni biyu kafin Babbar Sallah. Ko telan gidanku ne, kayan Sallah za su riga naka.

Waɗanne kaya ne kyamara ba ta so?

Yadi mai siraran layuka kusa da juna, ko ƙananan ɗigo da gida-gida. A ido lafiya ƙalau, a allo sai ka ga rigar tana rawa kamar ruwa. Dalili shi ne layukan yadin suna karo da jerin ƙwayoyin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara. Saƙi yakan yi wannan, haka wasu huluna masu ƙaramin aiki. Maganinsa gwaji: a ɗauka da kyamarar da za a yi aikin, daga nesa da kusa, a duba a babban allo.

Fari tas shi ne na biyu, kuma shi ne ya fi damun fim ɗin Hausa, don babu yadda za a yi a raba Alhaji da farar shadda. A hasken ranar Kano, idan mai kyamara ya saita haske don fuskar baƙin mutum ta fito, farar rigar sai ta ƙone, aikin wuyan ya ɓace gaba ɗaya. Ka nemi ruwan madara ko fari mai ɗan duhu. Idan auduga ce, ana tsoma ta a ruwan shayi marar ƙarfi na 'yan mintuna a shanya a inuwa; a allo fara za ta fito. Baƙi ƙirin da dare ma haka, yana haɗiye mutum, gara shuɗi mai duhu.

Sai ƙara. Sabuwar shadda mai sitati tana ƙarar takarda duk lokacin da jarumi ya motsa hannu, ga ƙaramin makirufo a maƙale a ƙirjinsa. Awarwaro da sarƙoƙi masu karo da juna su ma suna ɓata sauti. A wanke shaddar sau ɗaya kafin aiki, a rage awarwaron zuwa biyu ko a manne su ta ciki. Idan kuma za a yi aiki da koren labule don sauya bango a kwamfuta, kada kore ko ɗaya ya shiga jikin ɗan wasa, har da zaren aikin hula.

Ta yaya ake mayar da sabon kaya tsoho?

Ka fara tunanin inda kaya ke mutuwa a jikin mai su. Rigar ɗan dako a kafaɗa take cinyewa. Wandon bakanike a gwiwa da bakin aljihu. Wuyan riga da hammata su ke fara canja launi, bakin hula yana yin baƙin maiƙo, gefen zani na ƙasa yana kwasar ƙasa. Wanda bai san aiki ba yakan ɗauki almakashi ya yanka rami a tsakiyar ciki, inda babu abin da ke taɓa riga, sai kayan su fito kamar na wasan yara.

A wanke sau uku ko huɗu da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a shanya a rana tsaka ta ci launin. A goga takardar goge katako a wuraren da aka ambata har zare ya fara fitowa. Ruwan shayi mai kauri ko na kofi yana ba da dattin gumi a wuya. Jar ƙasa da toka a gauraya a shafa da buroshi, a kakkaɓe. Idan za a yi faci, a yi da hannu da zaren da bai dace da launin ba. Kyamara tana rage datti, don haka abin da ka ga kamar ya yi yawa a hannu, a allo daidai ne. Kayan dai su kasance wankakku a zahiri, domin mutum ne zai sa su a jikinsa yini guda.

Me ake nufi da kwantiniti a ɓangaren sutura?

Sin ɗin da mace ta fito daga ɗaki ana iya ɗaukarsa ranar Litinin a wani gida a Nassarawa, na isowarta ƙofar gida kuma bayan kwana goma a Ɗorayi. A fim daƙiƙa biyu ne tsakaninsu. Idan mayafin yana kafaɗar hagu a ɗaki, dole ya kasance a hagu a waje. Ɗaurin ɗankwali, karin hula, maɓalli nawa aka ɓalle, wane hannu ke da agogo, yadda aka naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, duk sai sun koma yadda suke.

Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Da an ce an gama sin, ka ɗauki hoto uku da waya: gaba, baya, da na kusa daga ƙirji zuwa kai, ka sa lambar sin a sunan hoton. Kayan su koma leda ɗaya mai lamba tare da takalmi da 'yan kunnensu. Kuma kada ka bari jarumi ya tafi gida da kayan da ba a gama aiki da su ba, ko nasa ne. Nan ake yawan faɗuwa: an wanke ya zuba, ƙanwa ta ara ta tafi biki, ko an manta a wani lokeshan.

Fim ɗin sarauta ko na zamanin da fa?

Nan ne ake gane wanda ya yi bincike, domin Bakano ya san kayan fada, yana ganinsu duk hawan Sallah. Rawani mai kunne biyu a Kano na Sarki ne da jinin sarauta. Ka ɗora wa attajiri ko wani mai unguwa, ka yi kuskuren da ko yaro zai gani. Takalmin gashin jimina kayan sarauta ne. Alkyabba ba kowa ke yafa ta ba. Dogarai an san su da ja da kore. Naɗin malami daban yake da na basarake, kuma naɗin kansa sana'a ce, don haka ka ɗauko wanda ya iya ya zauna da ku duk ranar da za a yi fada, shi zai maimaita naɗin iri ɗaya gobe.

Idan labarin kafin mulkin Turawa ne, wato kafin 1903, yadin da aka fi sani saƙar hannu ce: 'yan siraran ƙyallaye da ake saƙawa a haɗa su gefe da gefe. Akwai fari, da saƙi mai kamar gashin zabuwa, da tsamiya, da barage, da kore mai sheƙin shuni, da rawani ɗan Kura. Kano ta yi suna da wannan har Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya yi dogon bayani a kan yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Aikin riga, aska biyu ko aska takwas, da allura ake yinsa. Saboda haka aikin kwamfuta mai ƙyalli, zif, roba, leshi, silifas na roba da tabon agogo a wuyan hannu duk ba su da wuri. Ka duba ƙafafun 'yan rakiya da ke baya. A nan ake yawan samun soson takalmi.

Kuɗin saƙar hannu ga mutum hamsin ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ake yi: manyan 'yan wasa da kyamara ke matsowa kusa da su a ba su na gaske, na haya ko na aro, 'yan baya kuma a sayi farin akoko mai kauri a rina a tsufar. Ka yi hattara da ɗan Kura da kore, shuninsu yana zuba a fata da duk farin da ya taɓa, kada su kwana leda ɗaya da farar riga. Don ganin yadda abin yake da ido, a leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a kuma zauna da dattawan Kurmi masu sayar da kayan, sun fi littafi sanin sunan kowane ɗinki.

Akwai dokar da ta shafi sutura?

Akwai. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba shiga cikin abubuwan da take tacewa. Kaya masu matse jiki, masu shara-shara, ko masu bayyana tsiraici suna iya jawo a ce a cire sin, kuma sake ɗauka ya fi sayen mayafi tsada nesa ba kusa ba. Ka lura yadin da ba ya nuna jiki a ɗaki yana iya nunawa idan fitila tana bayan mutum. A sa masa shafi. Ko labari ya ce mace 'yar duniya ce, ana nuna hakan da launi, da ɗaurin ɗankwali, da jaka da tabarau, ba sai an tuɓe ta ba.

Kakin 'yan sanda, soja da sauran jami'an tsaro kuwa, furodusa ya nemi izini a rubuce kafin a fita da su. A sa a lokeshan, a cire a lokeshan. Kada ɗan wasa ya hau babur ya tafi sayen abinci da kaki a jikinsa.

Dole sai na iya ɗinki? Kuma a ina ake koyo?

Ba sai ka zama gwanin tela ba, amma wanda bai iya rage riga, sa maɓalli da gyara zif cikin minti biyar ba zai sha wuya. Sanin ɗinki kuma shi ke hana tela ya ce maka abu ba zai yiwu ba alhali zai yiwu.

Ga mai son takarda, Jami'ar Bayero tana da sashen wasan kwaikwayo, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da shi tare da sashen zane-zanen masana'antu inda ake koyar da fasahar yadi, sannan akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. Amma yawancin masu yin aikin a Kano bin wani suka yi: ka fara da ɗaukar jaka da guga, bayan fim biyu ko uku a bar maka 'yan rakiya, daga nan a ba ka ƙaramin aiki naka. Ka yi rajista da ƙungiyar masu sana'ar, ka kuma tara hotunan aikinka, domin furodusa hoto yake so ya gani.

Ana samun kuɗi a ciki?

Ba albashi ba ne, aiki-aiki ne, wata a samu wata a zauna. Ka raba kuɗi biyu tun wurin ciniki: kuɗin kaya daban, ladan aikinka daban. Wanda ya karɓi dunƙule ɗaya "na kostum" yakan wayi gari ya cinye ladansa a Kwari. A lissafin kaya ka sa wanki, gawayin guga, kuɗin mota, haya, da kamar kashi 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Ka ajiye rasit, ka rubuta yarjejeniya ko a saƙon waya ne, har da ranar da za a cika maka.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar ba da fim kaɗai suke ci ba. Suna yi wa masu talla da mawaƙa aiki, suna shirya amare ranar kamu, suna ba makarantu hayar kayan gargajiya ranar al'adu. A wajen Kannywood sana'ar tana da lambobin yabo nata: gasar fina-finan Afirka ta AMVCA da ta AMAA duk suna da rukunin tsara sutura, kuma a Amurka Ruth E. Carter ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a wannan fanni a 2019, ta sake ci a 2023.

Idan babban jarumi ya ce ba zai sa abin da na ba shi ba fa?

Kada a yi wannan gardamar a gaban jama'a ranar ɗauka. Shi ya sa ake gwajin kaya tun kafin a fita, a tura wa darakta hoto ya amince. Ka saurari dalilinsa, wani lokacin yana da gaskiya: wandon ya matse, ko yadin yana ƙaiƙayi a zafin watan Afrilu. Idan kuwa don kada masoyansa su gan shi da tsumma ne, ka ce, "Yallaɓai, bari mu ji ta bakin darakta," ka bar maganar a can. Dabarar da ke aiki ita ce ka kawo zaɓi biyu waɗanda duk ka yarda da su.

Me zan riƙe a jakata ranar aiki?

Allura da zare fari, baƙi da ruwan ƙasa, almakashi, tef na awo, fil, maɓallai, zif biyu, salatif mai manne ta fuska biyu, buroshi, hanga, ledoji da maka. Dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi, don ba a dogara da wuta. Na gawayin a shimfiɗa ƙyalle tsakaninsa da kaya saboda tartsatsi. Singileti da hijabi da silifas na ko-ta-kwana. Da hunturu ka rufe komai saboda ƙura, da damina kada ka tura kaya masu danshi cikin jakar bakko, kwana biyu sun isa su yi fumfuna.

Bayan an gama fim, ina kayan suke zuwa?

Na aro da na haya su fara komawa, a wanke a goge, a ƙirga a gaban mai su. Abin da aka saya da kuɗin fim na kamfani ne, sai dai in an yi da kai za a bar maka a madadin wani ɓangare na lada, kuma wannan ciniki ne mai kyau ga mai son tara kayan haya. Idan mai dogon zango ne, kada a taɓa komai har a tabbatar ba za a dawo zango na gaba ba; a ajiye kowace leda da lambarta tare da littafin. Saƙi da alkyabba da rawani a naɗe su a akwatin ƙarfe da maganin asu, a ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa saboda gara, a fito da su su sha iska a inuwa da zarar damina ta wuce.